Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanonin Wasannin Fafatawar Mutum 100: Ku Gyara Shagunanku

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanonin da ke ƙera wasannin da ake zuba jama'a a tsibiri guda, a yi ta fafatawa har sai mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mai rubuto muku wannan wasiƙa ɗan wasa ne. Ina buga waɗannan wasanni, ina jin daɗinsu, kuma akwai yara a hannuna da suka fi ni bugawa, suka fi ni iyawa. Na faɗi haka tun daga farko don kada ku jefa ni cikin sahun masu cewa gem ɓata lokaci ne kawai, a ƙwace wayoyi a huta. Ƙorafina guda ne, kuma a kansa zan tsaya: filin wasan da kuka gina na adalci ne, amma shagon da kuka kafa a bakin ƙofarsa akwai rufa-rufa a cikinsa, kuma yara ne suka fi kowa shiga.

Bari in fara ba ku haƙƙinku, domin wanda bai san abin da ke jan mutane zuwa wasan ba, ba zai gane dalilin da ya sa maganar shagon ta tsaya mini a rai ba.

A watan Maris na 2017 ne PUBG ya fito a kwamfuta, ƙarƙashin jagorancin Brendan Greene, ɗan ƙasar Ailan, tare da wani kamfanin Koriya ta Kudu da a yau ake kira Krafton. A lokacin sai ka biya kimanin dala 30 kafin ka shiga. Bayan wata 6, a Satumba, Epic Games ya saki nasa salon a cikin Fortnite, ya ce kowa ya shigo, ba ko sisi. Daga nan ƙofa ta buɗe. Garena na Singafo ya kawo Free Fire a ƙarshen 2017, ya rage 'yan wasa zuwa 50, ya rage tsawon zagaye zuwa kamar minti 10, ya kuma yi shi yadda waya mai ƙaramin ƙarfi za ta iya ɗauka. PUBG Mobile ya biyo baya a Maris na 2018, Apex Legends a Fabrairun 2019, Warzone a Maris na 2020. Shi kansa PUBG na kwamfuta ya janye kuɗin shiga a Janairun 2022. Kafin wannan zamani, babban wasa irin wannan sai mai na'ura ta musamman da kuɗin sayen faifai. Ku ne kuka sa yaron da ba shi da komai sai tsohuwar wayar yayansa ya shiga fili ɗaya da ɗan attajiri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan rage muku shi ba.

Shi kuwa wasan, wanda bai taɓa shi ba yakan ɗauka harbe-harbe ne kawai. Jirgi ya keta sararin tsibiri, kowa ya dubi taswira ya zaɓi inda zai diro. A yawancinsu babu mai bindiga, babu mai sulke, kowa hannu rabbana yake sauka. Ka faɗa gidan farko da ka gani, ka tarar da ƙaramar bindiga da 'yan harsasai, kana cikin ɗauka sai ka ji takun sawu a saman bene. A wannan daƙiƙar za ka yanke shawara: in hau in tare shi, ko in sulale ta taga in nemi wani gidan? Kana cikin wannan lissafi da'irar da ta kewaye filin, wadda duk wanda ya tsaya a wajenta ƙarfinsa ke raguwa har ya faɗi, ta fara matsowa. Wannan da'irar ita ce babbar dabarar wasan, domin ita ke hana matsoraci ɓuya har abada, ita ke tura wanda ya yi nisa ya dawo cikin mutane, kuma babu wanda ya san takamaiman inda za ta ƙare. Saboda haka gwani ma yakan tsinci kansa a fili fetal ba mafaka, sabon shiga kuma ya dace da tudu mai kyau. Idan aka rage mutum 5, ga da'ira ta zama kamar tsakar gida, za ka ji zuciyarka na bugawa da gaske, tafin hannunka na zufa. Kuma idan ka faɗi babu kunya a ciki, tunda a cikin mutum 100 dole 99 su faɗi. Wanda ya zo na 8 yakan tashi da murna.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne wasan ƙungiya. An harbe abokinka ya faɗi yana jan ciki a bayan dutse, kai kuma kana da zaɓi: ka tsira da ranka, ko ka jefa hayaƙi ka ruga ka tashe shi alhali harsashi na zuba. Na ga yaro mai rowar abin hannunsa ya koyi raba magani da harsashi saboda ya gane shi kaɗai ba zai kai ko'ina ba. Na ga mai jin kunyar magana ya zama shi ke tsara wa sauran inda za su bi. A 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidaje, nan ne abokai da yawa suke haɗuwa su ji muryar juna. Kuma kun nuna kuna iya sauraro idan kun ga dama. Apex Legends ya zo da hanyar nuna wa abokan wasa abu da danna maɓalli ɗaya, ga maƙiyi can, ga sulke nan, ba sai ka buɗe baki ba, har sauran wasanni suka kwaikwaya. Warzone ya ba wanda ya faɗi dama ta biyu ta hanyar karon mutum da mutum. Fortnite, wanda ake gina katangar kariya cikin sauri a tsakiyar faɗa, ya buɗe salon da babu gine-gine a 2022 saboda waɗanda yatsunsu ba su kai saurin na yara ba. A gasar duniya ta Fortnite a Yulin 2019, yaro ɗan shekara 16, Kyle Giersdorf, ya ci dala miliyan 3. Miliyoyin da suka kalla sun san ba za su taɓa cin wannan kuɗi ba, amma sun ga cewa fili ɗaya ne da nasu.

To, ga inda muka rabu.

Babu mai hankalin da zai ce kada ku ci riba. Kuna biyan masu zane da masu rubuta manhaja, kuna biyan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasan dare da rana, kuma masu kasuwar manhajojin waya sun daɗe suna yankar har kashi 30 cikin 100 na cinikin, wanda a kansa ne Epic da Apple suka shiga kotu a 2020. A wannan shari'ar ce takardu suka nuna Fortnite ya kawo sama da dala biliyan 9 a 2018 da 2019 kaɗai. Ban ƙi ba. Sayar da tufafin wasa da rawa da fentin bindiga sana'a ce, kuma ta fi sayar da ƙarfi mutunci. Tambayata ita ce ta wace hanya kuɗin ke fita daga aljihun mutane, kuma shin mai biya ya san nawa ya biya?

Ku dubi kuɗin da kuka ƙirƙira. Fortnite na da V-Bucks, PUBG Mobile na da UC, Free Fire na da lu'ulu'u, kowa da nasa. Galibi ba a sayen riga da kuɗin gaske kai tsaye. Sai an fara canja kuɗin zuwa naku, kuma kun daɗe ba ku sayarwa sai a ƙunshi. Shekaru da dama ƙaramin ƙunshin V-Bucks 1,000 ne, na gaba da shi 2,800, alhali tufafin ana sa musu 800, 1,200, 1,500 ko 2,000. Duk wanda ya iya lissafi ya ga abin da ke nan. Mai son rigar 1,200 ƙunshin 1,000 bai ishe shi ba, sai ya ƙara. Idan ya saya kuma, saura zai rage masa wanda bai isa sayen komai ba, kuma ba ya komawa kuɗin gaske. Wannan sauran shi ne ƙugiyar da za ta dawo da shi mako mai zuwa. Babba ma sai ya tsaya ya yi lissafi kafin ya san nawa rigar ta tasar masa, balle yaro ɗan shekara 10 da yake ganin lambobi masu ƙyalli a allo. Ruwa ba ya tsami banza. Ba kuskure ne ya sa ƙunshin da farashin ba sa daidaituwa ba, zama aka yi aka tsara. A Maris na 2025 hukumomin kare masu saye na Tarayyar Turai sun fitar da ƙa'idojin da ke cewa a riƙa nuna farashin kayan cikin wasa da kuɗin gaske, kuma kada a tilasta wa mutum sayen kuɗin wasa fiye da buƙatarsa. Ina roƙonku ku yi wannan wa kowa a duk inda yake, tun kafin hukumar ƙasarsa ta tashi. Ku rubuta farashin gaskiya kusa da kowace riga, ku bar mutum ya biya daidai abin da yake so.

Sai agogo. Wata rana da dare ɗan ƙanwata ya zo ya tsaya a kaina da waya a hannu, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kawu, yau ce ranar ƙarshe, in ban saya yanzu ba shi ke nan." Na karɓi wayar na duba. Ga hoton rigar na juyawa a hankali, ga agogo a ƙasanta yana cin daƙiƙoƙi, sa'a 2 da 'yan mintuna suka rage. Na tambaye shi ko rigar na ƙara ƙarfin harbi, ya ce a'a. Na ce to me ya sa dole yau? Ya ce duk abokansa sun saya, kuma ba za ta sake dawowa ba. Ban saya masa ba, ya kwanta da fushi. Ba a daɗe ba rigar ta sake bayyana a shagon, da sabon agogo a ƙasanta. Abin da ya dame ni ba kuɗin ba ne. Yaron nan ya yi imani da abin da allon ya nuna masa, ya kwana da baƙin ciki na gaske a kan ƙarancin da babu shi. Rigar da ke cikin kwamfuta ba ta ƙarewa, ko mutum biliyan ya saya tana nan. Ku kuka ƙirƙiri ƙarancin, ku kuka rataya masa agogo, domin kun san mai gaggawa ba ya tambayar farashi.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. A Mayun 2024 hukumar kare masu saye ta Holan ta ci Epic tarar sama da yuro miliyan 1.1, saboda kalaman da ke ingiza yara su saya nan take, da kuma agogon da ke nuna kaya za su tafi alhali wasunsu suna nan bayan lokacin ya cika. Kafin nan, a Disamban 2022, hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta cimma yarjejeniya da kamfanin a kan dala miliyan 520. Miliyan 275 tara ce ta karya dokar kare bayanan yara, miliyan 245 kuma na mayar wa mutanen da aka cire wa kuɗi ba da son ransu ba. Abin da hukumar ta lissafa ya isa a tsaya a karanta. Ta ce an jera maɓallan yadda danna ɗaya tak kan jawo ciniki, ko da mutum na ƙoƙarin duba kayan ne kawai, ko yana tayar da wasan daga barci. Ta ce har zuwa 2018 yara na iya sayen kuɗin wasa da katin iyayensu ba tare da an nemi izini ba. Ta ce waɗanda suka kai ƙara bankinsu an kulle musu asusu, suka rasa duk abin da suka taɓa saya. Ta kuma ce koke sama da miliyan 1 ya iso kamfanin, har ma'aikatansa na ciki sun yi magana. Na san Epic ya gyara abubuwa da dama: yanzu sai ka riƙe maɓalli kafin ciniki ya faɗa, akwai damar fasawa, akwai asusu na musamman ga ƙananan yara. Na yaba. Amma gyaran da ya yiwu cikin 'yan watanni bayan hukuma ta shigo, ai da ma mai yiwuwa ne tun ranar da koke na farko ya iso. Sauranku da ba a kai ga cin tararku ba, ku duba naku maɓallan tun yanzu.

Akwatin sa'a kuwa, a ganina caca ce, ko da wane suna aka lulluɓe ta. Ka biya kuɗi, akwati ya girgiza, haske ya tashi, ƙara ta cika kunne, sannan ka ga abin da ya fito, galibi abin da ba ka so. A wasu wasannin waya faifai ne ke juyawa, kibiya ta wuce babbar kyautar da ƙyar ta tsaya a kusa da ita, yadda za ka ji saura ƙiris. Wannan "saura ƙiris" ɗin shi ne abin da ke riƙe ɗan caca a teburinsa har gari ya waye. A Apex Legends, damar samun kayan da suka fi kowanne daraja ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba a kowane akwati, tabbacin samu sai a akwati na 500. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a Afrilun 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi sun faɗa ƙarƙashin dokar caca, kuma kamfanoni da dama suka cire su a ƙasar, wasanninsu ba su mutu ba. Sin ta wajabta bayyana damar cin kowane abu tun 2017, Apple ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen 2017, Google a 2019, Koriya ta Kudu ta mai da shi doka a 2024. Bayyana lambar ya fi ɓoye ta, amma yaron da bai gama koyon kaso cikin 100 a makaranta ba, me 0.5 za ta gaya masa? Hujja mafi ƙarfi a kanku tana cikin gidanku. Fafatawar mutum 100 ta Fortnite ba ta dogara da sayar da akwatin sa'a ba, abin da ka gani shi kake saya, kuma ta tara waɗancan biliyoyin. Ashe ana iya rayuwa ba tare da shi ba. Ku cire shi gaba ɗaya. In kun ƙi, to ku rufe shi ga duk wanda bai kai shekara 18 ba.

Yanzu bari in zo ga abin da na fi jin nauyinsa, wanda ba a cika magana a kansa ba saboda yana da arha: katin zango. Tun da Fortnite ya yaɗa shi a Disamban 2017 kusan kowa ya ɗauka. Ka biya kuɗi kaɗan, a buɗe maka matakai kamar 100, kowane mataki da kyautarsa, zangon kuma ya ɗauki wata 2 zuwa 3. A ido ciniki ne mai kyau. Amma abin da ka biya ba ya zama naka sai ka zuba masa sa'o'i. Ga aikin yau, ga na mako, ga wanda zai ɓace in ba ka shigo kafin gobe ba. Idan zango ya ƙare ba ka kai ba, abin da ya rage ya tafi. Kamar tela ne ka biya shi kuɗin ɗinki cif, ya ce sai ka riƙa zuwa kana zama a shagonsa kullum, in ka yi fashi ya riƙe rigar. Na lura da yadda wannan ke canja yanayin wasan a wurin yara. Da farko suna shiga ne don suna marmari. Daga baya sai ka ji yaro na cewa bari in shiga in gama aikina, fuskarsa ba walwala, yana bin jerin umarni: buɗe akwati kaza, sauka wuri kaza, harbi mutum kaza da bindiga kaza. Makon jarrabawa ya zo, ko rashin lafiya, ko tafiya, sai ya zama yana lissafin matakan da suka wuce shi. Kun ɗauki abin da aka yi don hutu kun ɗora masa rajistar zuwa aiki. Na san dalilin. Wasan mutum 100 na buƙatar jama'a a kowane lokaci don jirgi ya cika da wuri, kuma wanda ke shigowa kullum shi ke wucewa ta gaban shago kullum. Amma akwai wata hanya. Wasan Halo Infinite ya fito a 2021 da katin da ba ya ƙarewa, wanda ya saya zai gama a lokacin da ya samu sarari. A 2024 Epic ya sanar cewa kayan sababbin katuna na iya dawowa shago bayan wata 18. Ku ƙarasa tafiyar: wanda ya biya, ku bar masa abinsa ya kammala ko bayan shekara ne.

Kada ku ce tufafi ado ne kawai, ba su shafi kowa ba. A wurin babba haka ne. A wurin yaro rigar da ke jikin ɗan wasansa ita ce fuskarsa a gaban abokai. Rahoton da Kwamishinar Yara ta Ingila ta fitar a 2019 ya kawo bayanin yara da ke cewa ana yi wa mai sanye da rigar farko, wadda ake ba kowa, ba'a da kallon talaka. Ba ku kuka koya wa yara gori ba, tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta suna yi. Amma kun san da shi, kuma tsarin da ke nuna kayan kowa a ɗakin jira, ya sake nuna wa wanda aka kashe irin rigar da rawar wanda ya kashe shi, yana hura wannan wuta. Ga shi kuma wani lokacin adon kan tsallaka ya zama fifiko. 'Yan Warzone ba su manta da baƙar rigar Roze ba, wadda mai ita ke ɓacewa a lungu mai duhu, sai da aka yi ta kuka kafin a gyara. Duk ranar da kuɗi ya fara sayen nasara, abin da ya sa muka zo ya rushe.

Maganar murya gajeriya ce. Yaro ɗan shekara 9 bai kamata ya buɗe wasa ya tsinci kansa yana jin baƙon da bai sani ba yana zagin uwarsa, ko yana tambayarsa inda yake zaune. FTC ta zargi Epic da barin murya da saƙo a buɗe tun farko ga yara, aka tilasta masa rufewa. Kowannenku ya rufe ta ga ƙananan yara, sai iyaye sun buɗe da hannunsu. Mata da yawa ma manya sun daina kunna makirufo saboda abin da ke biyo baya da zarar an ji muryarsu, kuma maɓallin kai ƙara da ba a ganin sakamakonsa ba ya hana kowa komai.

Akwai sauran ƙananan ciwo da duk ɗan wasa ya sani. Masu maguɗi da ke gani ta cikin bango, waɗanda in an kore su sai su buɗe sabon asusu tunda ba a biyan kuɗin shiga. Sabuntawa masu nauyi da ke cinye data da wurin ajiya, har wayar da ta ɗauki wasan bara ta kasa bana. Wanda ke nesa da manyan kwamfutocinku kullum harbinsa na isa a makare. Da kuma 'yan wasan bogi da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda kuke cika wa sabon shiga fili da su don ya ɗanɗani nasara da wuri. Ban ƙi a sauƙaƙa wa mai koyo ba, amma ku gaya masa. A waɗannan na san kuna ƙoƙari, kuma wasunsu ba a hannunku kaɗai suke ba. Shagon kuwa duk a hannunku yake.

Za ku ce tarbiyya aikin iyaye ne. Gaskiya ne, kuma ba mu sauke wannan nauyi ba. Muna sa lokaci, muna cire kati daga waya, muna zama mu yi wasan tare da su don mu san abin da suke gani. Amma ku dubi yadda aka raba ƙarfin. A gefe ɗaya uwa ce da ta dawo daga aiki a gajiye, ba ta san inda aka ɓoye saitin iyaye ba. A ɗaya gefen ma'aikata ne masu ilimi da albashi, suna da bayanan miliyoyin 'yan wasa, suna gwada wane launi da wace ƙara da wane lokaci ne ya fi sa a danna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Mayun 2019 da sanya jarabar gem cikin kundin cututtukanta, ya fara aiki a Janairun 2022. Ta bayyana ta da kasa riƙe kai, da fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba duk da cutarwar da ake gani, galibi na tsawon wata 12. Hukumar ta ce kaso kaɗan ne na 'yan wasa ke kaiwa nan, kuma na yarda, yawancinmu lafiya lau muke. Sai dai kaso kaɗan na ɗaruruwan miliyoyi jama'a ce mai yawa, kuma ku kun fi kowa sanin su, domin kuna ganin asusun da bai kwanta ba har asuba da wanda cinikinsa ya yi tsalle cikin mako guda. Idan za ku iya gano wanda ya kusa daina wasa ku aika masa tayin rangwame, za ku iya gano wanda ya wuce gona da iri ku dakatar da cinikinsa ku sanar da mai katin. In kun ƙi yi da kanku, gwamnatoci za su yi da gatari. A Agustan 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a 1 a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ba na fatan irin wannan ga kowa, domin yana hukunta yaro mai tsari tare da marar tsari.

Abu na ƙarshe shi ne ranar rufewa. Kamfanin Ubisoft ya kashe wasansa Hyper Scape a Afrilun 2022. An rufe Apex Legends na waya a Mayun 2023, bai cika shekara da fitowa duniya ba, kuma kamfanin ya ce ba zai mayar da kuɗin da aka kashe a ciki ba. A Satumban 2023 aka kashe Warzone na farko, tufafin da mutane suka saya a cikinsa kuma ba su bi su zuwa sabon ba. A Indiya, hana PUBG Mobile a 2020 da Free Fire a 2022 ya raba jama'a da dama da wasan da suka saba, ko da yake wannan hukuncin gwamnati ne. Takardar sharuɗɗan da babu mai karantawa ta ce izinin amfani kawai muka saya, ba kayan ba. To, ku rubuta haka a kan maɓallin, da manyan baƙaƙe, a harshen da mai saye ke ji. Idan kun yanke shawarar rufe wasa, ku rufe shagon a ranar da kuka yanke, ku ba da sanarwar watanni, ku mayar da kuɗin wasan da ya rage a asusun mutane zuwa kuɗin gaske, ku kuma biya waɗanda suka yi ciniki a watannin ƙarshe alhali ku kun riga kun san abin da ke tafe.

Ina jiran ganin wanda zai fara a cikinku.

Naku,
Wani ɗan wasa, kuma mai kula da yara 'yan wasa.